Aikin da Za a Yi Mini a Kano

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantar da nake koyarwa, Potiskum.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Na fito fili ne saboda takardun da na aiko a rufe ba su tsinana mini komai ba.

Na ɗaya. Shekara takwas ina fama da ciwon ƙashin baya. Na sha magani, na yi gashi, har ƙaho an yi mini a Damagum. Duk shekarun nan ni ne mai gudun wuƙar likita. Likitana na Kano ya ce muddin ciwo ne kawai, ina iya jira, amma ranar da ƙafa ta fara mutuwa, jira ya ƙare. Watan jiya na sauka daga Keke Napep a kasuwa, sai da na kai layin 'yan tumatir wani ya biyo ni da silifas ɗina na hagu. Ban ji fitarsa ba.

Na biyu. Na nemi hutu na ce za a yi mini aiki a Kano. Kwamitinka mai albarka ya aiko da takardar tuhuma, wai in faɗi makarantar da ta ɗauke ni aiki a ɓoye. Ranka ya daɗe, ko Karekare muke ji a gida ko Bolanci, kowace tsohuwa a unguwarmu ta Yerimaram ta san in an ce za a yi wa mutum aiki, asibiti ake nufi. Ni malamin Hausa ne. Bambancin "zan yi" da "za a yi mini" 'yan aji ɗaya nake koya wa, kuma suna ci.

Na uku. Da na yi bayani, sai aka ce in jira a gama jarrabawar fita. Mataimakinka ya ƙara da labarin kawunsa na garin Mamudo da bai sake tashi ba bayan tiyata. Allah ya ji ƙansa. Na san haɗarin, likita ya karanta mini shi layi-layi, na yi istihara, na sa hannu. Jijiyar da ke mutuwa ba ta san jadawalin jarrabawa ba.

Don haka ina roƙon a janye tuhumar, a ba ni hutun mako takwas, a miƙa ajina ga Malama Hajara. Na bar mata darussan da suka rage a rubuce.

Ranar Litinin zan shiga motar Kano, da izini ko babu. In kuka ga korata ta fi, kada ku aika takardar gida ku tayar wa iyalina hankali. Ku ajiye ta a ofis. In Allah ya yarda zan zo in karɓa a tsaye.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka bayanka, ya yi wa kwamitinka jagora.

Wassalam.

Malam Lawan Maina,
Yerimaram, Potiskum.