Wuyan Tsuntsayen Malam Ladan

Kebbe, Talata, 9 ga Agusta, 1960
Ƙarfe fuɗu da minti goma na yamma, a zauren Malam Ladan, ana yayyafi

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Zahara'u da jaririya, kuma tarin nan da ya dame ka da bazara ya sake ka. Ni lafiya nake, sai gajiyar hanya.

Na san za ka yi mamakin ganin Kebbe a saman takardar nan. Kwana goma sha biyu da karɓar takardar shaidata ta malanta, tun ba a ba ni aji ba, ofishin ilmi na Tambuwal ya aiko ni. Malam Ladan, wanda ya koyar da mu a elementare, mai ƙananan littattafan itatuwa da muka karanta, ya gama wani sabo a kan tsuntsayen fadama. Masu ɗab'i a Zariya suna son ya iso musu kafin 15 ga Satumba, don yara su same shi a shekarar 'yancin kai. Amma ranar 20 ga Yuli ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aikina shi ne in tattara littafin, in shirya shi, in kai.

Na baro Tambuwal ranar Lahadi a kan keke, rafi ya tsare ni na kwana a hanya, na iso jiya da hantsi. Yaya, ban gane shi ba. Bakinsa ya karkace, ba ya magana, idanu kawai ke bin mutum. Matarsa, Inna Yelwa, ita ke ɗura masa kunu da ludayi. Da na faɗi sunan babanmu ta ce ai ni ɗan gida ne, ta sa aka share mini zaure.

Zane-zanen tsuntsayen suna cikin akwatin ƙarfe, an naɗe su da fatar akuya. Na ƙirga sau biyu, arba'in da ɗaya ne, kowane tsuntsu da takardarsa mai kauri. Aikin shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba launin kanti ko ɗaya. Baƙin na gawayi da ƙaro ne, irin tawadar allo, shuɗin na baban rini, jan na ƙasa, kuma Inna ce ke dama masa. Ƙanensa Ɗangiwa, tsohon masunci, shi ya riƙa tuƙa shi a kwalekwale. Ya ce Malam bai taɓa yarda a kashe tsuntsu ko a kama masa ba. Yakan tsaya cikin ruwa iya ƙugu daga fitowar rana har azahar yana kallon zalɓe guda, ya fito da matsattsaku a ƙafa, ya ce bai gama ganin yadda yake lanƙwasa wuya ba. Ɗangiwa ya ce shi kifi yake asara, Malam kuwa jini.

Bayanan suna cikin littafin rubutu dabam. Ga na shamuwa, don ka ji muryarsa: "Shamuwa ta sauka a tsamiyar kasuwa, ruwa ya biyo ta bayan kwana tara. Bara kwana shida ne. Yaro, kada ka yarda da ni, ka ƙirga na garinku."

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. A kowane zane akwai siririn farin layi da ya ratsa wuyan tsuntsun daga gefe zuwa gefe, inda tawada ba ta taɓa takarda ba. Bai wuce kaurin zaren ɗinki ba, sai ka matso za ka gan shi. Ina tsammanin inda yake ɗaga alƙalami ya sake tsomawa ne, idonsa kuma ya daina ganin giɓin. Takardar masu ɗab'i ta ce a tabbata layuka a haɗe suke, domin layin da ya tsinke ba ya fita da kyau. Na zo da kwalbar tawadar zane da muka yi aiki da ita a kwaleji. Ban taɓa komai ba tukuna. Ka ba ni shawara da wuri.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Namadi

Kebbe, Laraba, 24 ga Agusta, 1960
Ƙarfe biyu da rabi, bayan azahar

Yaya Attahiru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Har yau ban ga amsarka ba, na ɗora laifin a kan rafukan da suka cika.

Na jira kwana shida, da na ga lokaci yana tafiya sai na fara ranar 15. Kada ka ji tsoro, ban yi gaggawa ba. Na gwada alƙalamin a kan guntun takarda har na samu kaurin layin Malam daidai. Uku nake yi a rana, da safe lokacin da haske ke shiga zaure, ban da Juma'a. Zuwa yau na haɗe ashirin da bakwai, saura goma sha fuɗu. In ka gani ba za ka iya nuna inda hannunsa ya tsaya nawa ya ɗauka ba. Ban gaya wa Inna ba, jinya ta ishe ta.

Ranar Asabar na kai wa Malam zanen ɗinya, agwagwar fadama. Na ɗaga kansa da matashi, na nuna masa wurin da yatsa, na ce Malam ga shi na cike giɓin, yanzu zai fita tsaf. Ya daɗe yana kallo. Hawaye suka zubo masa, ya ɗaga hannun hagu zuwa ga takardar, sai na janye ta don kada ya ɓata, domin akwai kunu a yatsunsa. Na ji daɗi ƙwarai da ya ga aikinsa bai faɗi ƙasa ba.

Sai dai jikin nasa ba daɗi. Tun ranar nan ba ya karɓar kunu, kuma in na shiga yakan juya fuska ga bango. Inna ta ce haka ciwon yake. Ku sa shi a addu'a.

Naka,
Namadi

Kebbe, Lahadi, 11 ga Satumba, 1960
Ƙarfe tara saura kwata na safe, kekena a jingine, kaya a ɗaure

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya da iyali. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta. Zan faɗe shi bi da bi yadda ya faru, don in na fara da ƙarshe ba zan iya komawa farko ba.

Malam Ladan ya rasu ranar Alhamis, 1 ga Satumba, da hantsi. Allah ya gafarta masa. An binne shi kafin azahar. Mutane sun zo daga Fakku da Jabo, wasu da furfura, duk ɗalibansa. Ni na dakatar da aiki tun ranar Litinin da jikin ya tsananta, na tsaya a talatin da takwas. Saura uku ban taɓa ba: gauraka, shamuwa da zalɓe.

Bayan sadakar bakwai na yi shirin tafiya. Ranar Juma'a da safe na yi sallama a ƙofar ɗakin Inna don in yi ban kwana. Ta ce in ba ta zanen ta gan su sau ɗaya kafin su bar gidan. Na miƙa mata. Tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayensu, har da dariya kaɗan da ta zo kan kirinjijiya, ta ce wannan ce ta sa Malam ya kife da kwalekwale. Sai ta ƙura wa wuyan tsuntsuwar ido. Ta kai takardar bakin ƙofa wurin haske, ta matso da ita kusa da ido. Ta ɗauki ta biyu, ta uku.

Ta ce, "Namadi, wa ya haɗe musu wuya?"

Na ce ni ne, da murnata, na fara yi mata bayanin masu ɗab'i. Ba ta saurara ba. Ta ce, "Shekara talatin nika dama mishi tawada. Ban taɓa ganin ya bar guda da kai a haɗe ba."

Ga abin da ta gaya mini, kuma Ɗangiwa ya tabbatar daga baya. Tun Malam yana saurayi zanen abu mai rai yake ba shi tsoro, saboda abin da ya ji cewa ranar tsayuwa za a ce wa mai zane ya hura rai ga abin da ya zana. Ya je Jabo wurin malamin da ya karantar da shi. Malamin ya ce masa in ya raba kai da gangar jiki, abin da ya zana bai cika halitta ba, ya yi don yara su ƙaru. A kan wannan ya riƙe alƙalami duk rayuwarsa. Farin layin nan ba kuskure ba ne, shi ne abin da ya ba shi izinin yin sauran.

Sai ta tambaye ni littafi nawa za a buga. Da ma na ce ban sani ba, Yaya. Amma na sani, na ce dubu uku. Ta ce tsuntsu nawa ke nan masu wuya a haɗe. Na yi lissafin a gabanta na ce dubu ɗari da goma sha fuɗu. Ta maimaita adadin a hankali. Ta ce in bar mata su in je masallaci, kada in makara.

Na dawo ƙarfe uku saura minti ashirin. Rana ta fito, takardun suna shanye a kan zana, farare. Ta ɗauki auduga da ƙwaryar ruwa ta wanke su kamar yadda ake wanke allo. Tawadar Malam ba ta da taurin kai, duk ta fita, shuɗi da ja da baƙi, sai dusu-dusu kamar inda aka zubar da shayi. Tawa ce ba ta fita ba, an yi ta ne don kada ruwa ya ci ta. A tsakiyar kowace takarda akwai ɗan guntun baƙin layi, tsawon ƙwayar shinkafa ko ya fi kaɗan. Na bi su na ƙirga, talatin da takwas. Abin da ya rage na shekara goma sha ɗaya ke nan, aikin hannuna.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo mini ukun da ban taɓa ba, a naɗe cikin fatar, tare da littafin bayanai. Ta ce, "Shi ba shi iya tashi ya gyara, ni na gyara mishi. Waɗanga nashi ne, kai su. Ka ce kada a taɓa."

Jiya na je wurin liman na faɗi komai. Ya ce malamai sun saɓa a kan zane, kuma Allah yana duba niyya. Na tambaye shi, da an buga su, wa za a tambaya, wanda ya zana ko wanda ya haɗe. Ya ce in yi wa mamaci addu'a in bar abin da ya fi ƙarfina.

Yaya, ka tuna zakaran da yakan zana mana a baƙin allo ran Litinin? Jiya ina ta ƙoƙarin ganin wuyansa a raina. Ina jin alli yakan yi tsalle a wurin. Shekara fuɗu ina zaune a layin gaba. Kuma Inna tana taku goma daga inda nake aiki, kwana goma sha biyar ina haɗe wuyan nan, ban tambaye ta ba, don na ɗauka tsohuwar da ba ta karatun boko ba ta da abin faɗa a kan littafi.

Yanzu zan hau keke. In rafi ya bari, gobe da la'asar ina ofis. Zan kai zane uku da bayani arba'in da ɗaya, zan kuma kai farare talatin da takwas in ajiye a kan tebur in faɗi wanda ya jawo. Ba zan bari a ɗora wa Inna laifi ba. Na rubuta rahoto, na sa abin da na tabbatar kawai. Ga abin da ban iya sawa ba, don ban sani ba:

Ko masu ɗab'i za su karɓi littafin tsuntsaye mai tsuntsu uku, kuma ko za su yarda su bar farin layin.

Ko za a ba ni aji bayan wannan.

Inda Inna ta kai ruwan ƙwaryar. Ɗangiwa ya ce ta ba shi a rufe ta ce ya kai fadama, amma ya ƙi gaya mini wurin.

Ko akwai wani mai rai da ya san launin ƙafar tsuntsun da Malam ya rubuta cewa sau biyu kacal ya gan shi. A bayanin cewa ya yi, "Dubi zane."

Ko wasiƙuna biyu sun iso ka, da abin da za ka ce da ta farko ta iso da wuri.

Dalilin da ya sa ya daina karɓar kunu daga ranar Asabar, 20 ga Agusta.

Abin da yake so ya yi da hannun hagunsa sa'ad da na janye takardar.

Ka gaishe da Zahara'u. Ka yi wa Malam addu'a, ni ma ka yi mini.

Ƙanenka,
Namadi