Rigunan da Ka Aiko wa Marsai ta Limawa

Limawa, Dutse,
12 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga ƙanena Abdulkahar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka Faransa, Ya tsare maka addininka da mutuncinka a ƙasar mutane. Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa islamiyya da kanta. An yanke geron gonar Ringim kuma bana ya yi kyau, sai dai waken ne tsutsa ta taɓa. 'Yata Nuriyya ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ƙanwarta Zulfa kuwa haƙoranta biyu na gaba sun fita, ba ta yarda ta yi dariya a gaban baƙi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa da rubutun hannuna alhali kullum muna waya. Da gangan na yi. Saƙon murya ne ya jawo abin da zan gaya maka, kuma na san halina, in na kira ka da wannan ɓacin ran zan faɗi abin da zan dawo ina da-na-sani. Don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Kwalin da ka aiko ta hannun mutumin Taura ya iso farkon watan jiya. Sunana ne a jikinsa, amma ban ko gan shi ba a ranar. Zuhair ɗan Baffa, wanda ka san shi ne kyaftin ɗin ƙungiya yanzu, ya je tasha ya karɓa, ya wuce da shi fili kai tsaye. Da aka buɗe sai ga riguna ashirin da biyu, shuɗi mai duhu da jan zane a tsakiya, da tambarin Paris a ƙirji. Abdulkahar, rigunan PSG ka aiko wa Marsai ta Limawa! Da aka gaya mini sai da na sa aka maimaita, don na ɗauka kunnena ne. A duk kulob ɗin da ke duniyar nan, ba ka ga wanda za ka sayo wa ƙungiyar mahaifinka rigarsa ba sai babban abokin gabar Marseille? Ko bayan idona aka haife ka ne, da ban san a gidan da ka tashi ba?

Tunda da alama ka manta, bari in tuna maka, don ni na girme ka da shekara goma sha ɗaya kuma na ga abin da ba ka gani ba. Lokacin da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake jan babbar mota daga Ringim zuwa Damagaram da hatsi, a can ya saba da rediyon Faransanci, a can kuma ya kalli wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1993 a gidan wani abokinsa. Ina 'yar shekara takwas ya dawo daga wannan tafiya muryarsa a dishe. Ya zaunar da ni a kan tabarma, ya jera ƙwallayen dabino goma sha ɗaya, ya nuna mini inda Abedi Pele ya tsaya ya bugo kwana, da yadda Basile Boli ya tashi sama ya sa kai, AC Milan da duk manyanta suna kallo. Ya ce in riƙe wannan: ɗan Ghana ne ya bugo, haifaffen Abidjan ne ya ci, kuma wannan ne karo na farko da wani kulob na Faransa ya ɗauki kofin. Yakan ce an kafa Marseille a 1899, tun kafin Turawa su ci Kano, su kuwa 'yan Paris a 1970 aka yi su, shi kansa ya girme su. Har ya bar duniya bai daina wannan tsokanar ba.

Shekara ta gaba aka hukunta kulob ɗin saboda badaƙalar sayen wasa, aka mayar da shi rukuni na biyu. Duk direbobin tasha suka sa Baba a gaba da dariya. A wannan shekarar ce, ba a shekarar kofi ba, ya tara samarin Limawa ya kafa ƙungiya, ya sa mata suna Marsai, yadda bakinsa yake faɗin sunan. Bai taɓa cewa ba su yi laifi ba. Cewa ya yi sun yi kuma an hukunta su, amma shi ba ya cikin masu gudun nasu ranar da ya faɗi. Kawu Modibbo, ƙanin Umma, shi ne golansu na farko, daga baya ya zama koci, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan bai ajiye ƙungiyar ba. Ni na wanke fararen rigunan nan tun hannuna bai iya matse su ba. Kai kuma da ka fara tasowa, wa ya ɗaure maka ƙafar dama da tsumma don ka koyi bugu da hagu irin na Taye Taiwo? Wa ya ɗora ka a wuya ya zagaya unguwa da kai a 2010 da aka ɗauki kofin lig, kana ƙato ɗan shekara goma sha huɗu, har bayansa ya riƙe kwana uku? Kawu ne.

To ga abin da rigunanka suka yi masa. Ya zo fili bayan la'asar kamar kullum, usur a wuya, ya tarar da yaransa duka cikin shuɗi da ja suna ɗaukar hoto. Allon da Baba ya sa aka rubuta sunan ƙungiya a bakin fili, an riga an shafe shi da fenti, an rubuta PSG Limawa, fentin ko bushewa bai yi ba. Waɗanda suke wurin sun ce bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko wa ya ba da izini. Zuhair ya amsa masa a gaban kowa cewa daga Paris umarnin ya zo, kuma matasa ne ke buga ƙwallon, ba tsofaffi ba. Wasu suka yi dariya. Dattijo mai shekara sittin da biyu ya cire usur ɗinsa ya miƙa wa Zuhair, ya tura kekensa ya tafi, ko hawa bai yi ba. Kwana biyu bayan nan jininsa ya hau, sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa ƙarin ruwa.

Da na ji, na saka hijabina na tafi gidan Baffa na sami Zuhair. Na faɗa masa maganganu masu zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ya tsaya yana ce mini wai Marseille labarin da ne, wai kulob ɗin da aka kama da maguɗi ne, wai PSG ta ci Inter biyar da nema a watan Mayu ta ɗauki kofin da muke taƙama da shi, saboda haka taƙamar ta ƙare. Na ce masa ko sau goma suka ɗauka, bayanmu suka zo da shekara talatin da biyu, kuma ba gardamar ƙwallo ta kawo ni ba. Na ce ƙarya yake yi maka, ƙanena ba zai taɓa cewa a goge sunan da Baba ya sa ba. Sai ya ciro wayarsa ya kunna mini muryarka. Na ji ka da kunnena kana dariya, kana cewa a gaya wa Kawu zamaninsu Baba ya wuce, a sauya suna a bi masu nasara, in tsohon ya yi gardama a rabu da shi zai huce. Wallahi, Abdulkahar, muryarka ce. Na je in kare ka ne, ka kunyata ni a gaban yaron da na yi wa wanka.

Ba zan zalunce ka ba. Na san rigunan ƙungiyar sun mutu, wasu lambobin ma da alli ake gyara su, kuma yaran suna jin kunya in sun fita gasa. Na san daga ɗan abin da kake samu ka matse ka saya, kuma ka yi niyyar faranta musu. Ba na ce son PSG zunubi ba ne. Baba da kansa in aka nuno Okocha cikin rigarsu yakan yi shiru ya kalla, sai an gama ya ce Allah Ya kai yaron nan gidan kirki. In zaman Paris ya sa ka koma bayansu, wannan ruwanka ne, ka sa rigarka ka je filinsu ka yi ihu. Amma ƙungiyar nan ba taka ba ce da za ka sauya mata suna daga nesa ta waya. Kuma mutumin da ya shiga kabarin mahaifinka ya karɓi gawarsa, lokacin da kai kake ta neman jirgin da zai kawo ka, shi ne tsohon da za a rabu da shi ya huce? A ina ka koyi wannan maganar? Ba a gidanmu ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, ana cikin wannan rikici Marseille a filinta na Velodrome ta ci PSG ɗaya da nema, abin da muka shekara goma sha huɗu muna jira a lig. Da Kawu yana cikin walwalarsa, da Limawa ba ta zaunu ba. Da safe na je na yi masa albishir, na ɗauka zai yi murmushi. Ya ce ya ji, Allah Ya ƙara, ya juya fuska bango.

Umma ce ta kawo ƙarshen abin, ita da ba ta taɓa kallon ƙwallo daga farko zuwa ƙarshe ba. Ta aika aka kira Baffa da Zuhair da manyan 'yan wasan su biyar, ta zaunar da su a tsakar gida da hantsi. Ta ce ita ba ta san Paris ba, ba ta san Marsai ba, ba ta kuma san wanda ya fi wani iya harbin ƙwallo ba. Abin da ta sani shi ne mijinta ya sa wa abu suna, ƙaninta ya yi masa hidima shekara talatin ba a taɓa biyansa ba, yau kuma yaran da ya raina sun yi masa dariya a bainar jama'a. Ta ce duk wanda yake son sabuwar ƙungiya ya je ya nemi filinsa da allonsa, ba wanda zai hana shi. Baffa bai bar Zuhair ya buɗe baki ba. A ranar suka kankare fentin, mai rubutun allo ya mayar da sunan, washegari kuma suka je gidan Kawu su duka suka durƙusa. Zuhair ya yi kuka, kuma na yarda na gaskiya ne.

Rigunan kuwa, tunda sunana ne a kan kwalin, na sa aka tattaro mini su, na wanke, na goge, na ninke. Ka tuna 'Yan Dabino, waɗanda ba mu taɓa haɗuwa da su an tashi lafiya ba? Na aika wa kocinsu ko suna so. Kafin azahar ya zo da kansa a babur yana ta godiya. Yanzu sai abin ya yi daidai, abokan hamayyarmu suna sanye da kayan abokan hamayyarmu. In kana jin haushin wannan, ka ji, ni ma na ji nawa. Namu yaran, maigidana Malam Yahuza da wasu tsofaffin 'yan wasa sun kai wa tela farin yadi da ruwan bula, ana kan ɗinki.

Saura abu ɗaya, kuma a hannunka yake. Kawu ya yafe wa yaran, amma ya ƙi karɓar usur ɗin. Ya ce su aike aka aike su, wanda ya aiko bai ce komai ba tukuna. Ranar Juma'a ta sama za a rufe rajistar gasar gari, kuma ba a karɓar takardar ƙungiya sai da sa hannun koci. Tun da aka kafa Marsai ba ta taɓa fashin gasar nan ba, ko shekarar da Baba ya rasu. Ka kira shi. Ban ce ka tura saƙon murya ba, ban ce ka rubuta ba. Ka kira, ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ba shi haƙuri ba tare da kawo dalili ba, in ya fara faɗa ka yi shiru har ya gama.

Jiya da na je duba shi, ina shirin tashi ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce shin yaron nan, shekara uku yana Faransa, ya taɓa hawa jirgin ƙasa ya je ya ga filin Velodrome? Ya ce shi da Baba sun sha zama suna kwatanta yadda wurin yake, har Baba ya ce in Allah Ya kai ɗaya daga cikin 'ya'yansa ƙasar, zai sa ya tsaya a ƙofar filin ya gaya masa abin da idonsa ya gani. Na ce masa zan tambaye ka. To ga shi na tambaye ka.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, kuma ba ta yi fushi da kai ba, ni ce na yi. Baffa da Zuhair suna gaisuwa. Malam Yahuza yana yi maka fatan alheri, Nuriyya da Zulfa sun ce a gaida Kawunsu. Ka gaida abokan zamanka duka. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya jiƙan Baba, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam. Ni ce yayarka da har yanzu ba ta huce ba,

Hamida Idirisu.