Abin da Rufin Reino Ke Faɗi

Hancock, Michigan
9 ga Agusta, 1983

Yaya Ardis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki Harold kuna lafiya, gwiwarsa kuma ta bar ku kuna barci. Ni lafiyata lau. Ɗalibai suna hutu, ni ma ƙwaƙwalwata ta bi su.

Ki zauna kafin ki karanta: Reino yana gyara gidan.

Gidan nan dai na iyayensa, wanda na shekara ashirin da shida a cikinsa ina kwana da safa biyu. Kin san sau nawa na roƙe shi ya toshe bangon, kin kuma san amsarsa: "In bazara ta zo." Ranar da na tashi na tarar ruwan kofin da ke gefen gadona ya daskare, na nuna masa, ya leƙa kofin ya ce, "Ƙara bargo." Mutanen coci suna cewa sanyi ne ya fitar da ni. Ba sanyi ba ne, wannan "ƙara bargo" ne. Shekara uku ke nan ina haya a benen Misis Lahti a tsallaken titi, ba saki, ba zama, sai ɗaga hannu in mun haɗu a gidan waya.

To, bazarar ta zo. An ɓamɓare tsoffin allunan jikin gidan kaf, ya tsaya tsirara kamar kazar da aka fige. Ana huda bangon ana hura masa niƙaƙƙiyar takarda da wani ƙaton tiyo, daga baya a rufe da sababbin alluna. Mai aikin kuma mace ce: Maxine Kangas, matar marigayi Arvo kafinta, wadda ta gaji motarsa da tsaninsa. Ta kai hamsin, amma tana hawa tsani kamar akuya, tana dariya da dukan haƙoranta. Ba Reino take ce masa ba, "Rei". Jiya daga sama na ji ta:

"Rei! Riƙe tsanin da kyau, in na faɗo kai za ka yi jinya!"

Shi kuwa, mutumin da bai taɓa riƙe min ƙofa ba, ya rungume tsanin da hannu biyu har da kafa ƙafa.

Kada ki ɗauka na damu. Teburina ne kawai yake fuskantar taga.

Ki gaida Harold. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Verna

Tucson, Arizona
22 ga Agusta

Verna tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan muna soyuwa, Harold ya ce ki aiko mana da sanyin da Reino ya kora daga bango, muna so.

Ke, wa kike yi wa wayo? Ni na yi miki wanka kina yarinya. Teburinki yana fuskantar taga! Ɗakin nan taga uku gare shi, na gani da idona. Wadda ba ta damu ba ba ta ƙirga haƙoran wata.

Maxine na san ta tun makarantar Lahadi. Ba ta da mugun hali, amma ba ta barin abu a yashe. In ta ga kujera a bakin titi sai ta ɗauka ta yi mata fenti. Mijinki kuwa shekara uku yana bakin titi. Ki yi lissafi da kanki, ke ce mai digiri.

Ko ki tsallaka titin nan, ko ki juya teburin. Ki ci abinci, kin rame a hoton da kika aiko.

Yayarki,
Ardis

Hancock
16 ga Oktoba

Yaya Ardis,

Bayan gaisuwa, na gode da nasiha. Na juya teburin. Wuyana ne yanzu yake ciwo.

An gama sa alluna. Kin tuna launin da na daɗe ina so, ruwan toka mai ɗan kore, irin na tafki da safe? Har guntun ƙyalle na taɓa maƙala masa a jikin firji. To, gidan yanzu rawaya ne. Rawaya sosai, kamar man shanu. Duk wanda ya wuce sai ya rage gudu, Misis Lahti kuma ta ce ya yi "fara'a". Haka ake cewa da abin da ba a son zagi.

Ranar Asabar na haɗu da Maxine a kanti, wajen fulawa. Ta tare ni da murna kamar mun yi alkawari.

"Malama Verna! Kin ga gidanku? Bana ko mage ba za ta yi atishawa a ciki ba."

"Na gani. Daga Kanada ma ana gani."

Ta yi dariya har da dafa kafaɗata. "Kin san me muka tarar a bangon ɗakin kwana? Babu komai! Iska zalla. Na ce wa Rei, matar da ta kwana a nan ta cancanci lambar yabo."

Yaya, ki lura da abu biyu. Na ɗaya, ta shiga ɗakin kwana. Na biyu, tana tausaya min. Da zagina ta yi da na san inda zan ajiye shi. A kwandonta akwai nama, dankali da albasa, na mutum biyu, ta kuma sayi irin kofin da Reino ke sha, wanda ko doki ba zai sha ba.

Amma ga abin da ya fi ci min rai, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Kin tuna yadda Mama ta koya mana karanta rufi? Gidan da ba a toshe ba, zafi yakan tsere ta sama, sai dusar ƙanƙarar da ke kan ɗakin da aka hura wuta ta narke, sauran rufin ya zauna fari. Haka Mama take gane wanda ke da baƙo da wanda matarsa ta kore shi falo. Hunturu uku ina karanta rufin Reino da kofi a hannuna. Baƙin tabo a kan kicin, wani a kan ɗakin kwana, shi ke nan. Ɗan ɗakin karatuna na gefen arewa kullum fari fat, a rufe yadda na bar shi. Ban taɓa tambayar kowa yadda yake ba, rufin yana gaya min.

Makon jiya sun shimfiɗa audugar gilashi, mai hana zafi fita, a ƙarƙashin rufin. Matar nan ba bango kawai ta toshe ba, ta toshe min bakin nan tilo da ke yi min magana a gidan.

Allah ya ƙara wa Harold sauƙi.

Verna

Hancock
12 ga Nuwamba

Zuwa ga Malam Reino Heikkila,

Gaisuwa, da fatan kana jin daɗin ɗumin gidanka.

Ƙanƙarar farko ta sauka shekaranjiya, na kuma taya ka murna. Rufinka fari ne daga wannan gefe zuwa wancan, aikin ya yi kyau, ka isar da yabona ga mai shi. Wuri ɗaya ne ya narke: kan ɗakin karatuna. Jiya ya narke, yau ma ya narke. Ke nan ana hura wuta a ɗakin da shekara uku ba a buɗe ba.

Ba na tambayar wanda ke ciki. Gidanka ne, kuma na fahimci mutum zai so ya ajiye baƙuwarsa a ɗaki mai kyan taga. Roƙona ɗaya ne: littattafaina. Ba na so a ɗora musu kofin kofi, ba na so a jera su bisa tsawo, ba na kuma so a yi musu fenti rawaya. Ka sa min ranar da ba kowa a gidan, in turo a kwashe. Daga nan sai mu je wurin lauya mu ƙarasa abin da muka bari a rataye, don kowa ya san matsayinsa.

Na sa wannan a akwatin wasiƙarka da hannuna, ba sai ka nemi tambarin gidan waya ba.

Huta lafiya,
Verna Heikkila

13 ga Nuwamba

Verna,

Ina gaisuwa. Na ga takardarki. Ban iya rubutu kamar ke ba, ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Ba kowa a ɗakin. Ni ne. Na kai 'yar hitar ɗumama ɗaki ciki.

Ba a toshe saman ɗakin ba, shi kaɗai ya rage. 'Yar ƙofar da ake bi a shiga ƙarƙashin rufin wannan gefen tana bayan kantar littattafanki. Maxine ta ce mu ture kantar, aikin minti kaɗan ne. Na ce mai su ta ce kada in taɓa. Ta ce yaushe ta faɗa. Na ce shekarar da muka yi aure. Ta ce ni da ke duk ba mu da hankali.

Launin ita ta zaɓa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na nemi ƙyallen nan naki ban gan shi ba, na kuma ji kunyar tambaya. Ta dafa min abinci sau da yawa, na ci. Ta gayyace ni cin soyayyen kifi ranar Juma'a, na je sau ɗaya. Ta tambaye ni ko har yanzu ina da aure. Na ce ina da shi, yana tsallaken titi. Ta ce za ta sake tambaya bayan Kirsimeti.

Ba ki tambayi dalilin gyaran ba, amma zan faɗa. Tun da kika tafi ban taɓa kwana a gefenki na gado ba. A watan Fabrairu bayana ya riƙe, na mirgina can, jikin bango. Verna, iska ce take shigowa kamar an buɗe taga. Ni ina ta ciki duk shekarun nan, ke ce kike tare min ita. Na ƙara bargo. Bai yi komai ba.

Hitar kuwa, na san kina duba rufin. Duk unguwa ta sani, Misis Lahti ta ce har kofinki ya yi zobe a bakin tagar. Na ga in an toshe ko'ina ba abin da za ki duba. Shi ya sa.

In kin zo kin matsar da littattafan da hannunki, sai a ƙarasa aikin. In lauya kike so, zan sa rigar coci in bi ki. Amma zafi yana tsere ta ɗakin nan, mai yana ƙonewa a banza, ki yanke da wuri.

Mijinki,
Reino

Hancock
27 ga Nuwamba

Yaya Ardis,

Gaisuwa a gurguje, ki gaida Harold.

Na tsallaka. Kada ki yi murna, littattafai na je matsarwa. Daga ciki ba a ganin rawayar, wannan ne babban alherin gidan. Na tarar da Maxine a kicin da tiyonta a naɗe, tana jira a ba ta hanya. Ta ce, "Malama, in kama miki? Yanzu mu gama." Na ce na gode, tsarinsu sai ni.

Na sauke layi ɗaya, na goge kowane littafi, wasu na ɗan karanta. Reino ya kawo kofi, na sha, har yanzu ba ya shawuwa. Kantar daga ƙasa har sama take, ni kuma ran Lahadi kawai nake da sarari. Maxine ta tambayi yaushe zan gama, don ta san ranar dawowa. Na ce ba dai kafin Kirsimeti ba.

Ƙyallen yana cikin jakata tun ranar da na fita. Na maƙala shi a firji.

Ƙanwarki,
Verna