Ƙudaje a Wutsiyar Dawisu

Yaya,

Na fita sayen tina, man wanke fenti. Ban tashe ka ba don kada bakina ya ja mini da-na-sani.

Dawisun tagullar nan da na ƙera wa mai otal, jiya na shafa masa fentin sheƙi, mai kama da ruwa, na ce a bar ɗakin a rufe sai ya bushe. Ka shiga ka ci kifinka, ka bar ƙayoyi a leda, ƙofa a hangame. Yanzu ƙudaje sun manne a wutsiyarsa, wasu har suna motsi. Ga shatin babban yatsanka, maiƙo da komai, a wuyansa. Ko shayi na kasa sha.

Kada ka ce mage ce, ba ta da babban yatsa. Kuma don Allah kada ka kankare da wuƙa, tagullar za ka karce.

Mai otal zai zo da azahar. Kai za ka buɗe masa ƙofa.

Da baƙin fenti ne, da na rufa maka asiri. Wannan kuwa ba ya ɓoye komai.

Ƙanwarka