Hoton Wankin Ƙafa

Riyad, 22 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga ƙanena Fasto Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Damaris da yara, da ikilisiya duka a Malumfashi. Na ji ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa zumuntar mata, Allah ya ƙara mata ƙarfi. Ni ma lafiya lau, aikin asibiti muna ta yi. Ta hannun Mamane direba na aiko wannan takarda, shi da zai sauka Kano jibi, domin maganar ba ta waya ba ce.

Istifanus, ni na goya ka, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka cire hoton nan namu daga shafin intanet na ikilisiyarku yau ɗin nan. Ka san a ƙasar nan ba mu da majami'a. A wani falo muke sujada ranar Juma'a da safe, mu kusan talatin, Indiyawa da 'yan Filifin da mu baƙaƙe. Bibbiyu muke shiga, kowa da takalminsa a hannu don kada su taru a ƙofa, waƙa kuma da raɗa muke yin ta. Shekara tara muna haka, sai ga ƙanena mai digirin tauhidi ya rubuta sunan garin da sunan yayarsa a ƙarƙashin fuskokinmu, yana neman a ce amin.

Bari ka ji abin da ke cikin hoton, tunda ka yi wa'azi a kansa ba ka tambaya ba. Shekaru da yawa mu baƙaƙe a bakin ƙofar kicin ake zaunar da mu, kuma a Jibin Ubangiji ƙoƙonmu daban. Wai don tsabta. Ni da nake wanke musu gyambo a asibiti! Ranar da na gaji na tashi na tambaye su ko jinin Ubangijin ma kala biyu ne. Wata uku ba a gaishe ni ba. Daga baya dattijonmu, Vargis, wani tsoho Ba'indiye, ya roƙi gafara a gaban kowa, ya fasa ƙoƙon nan na biyu, ya durƙusa ya wanke ƙafar wata baƙa 'yar'uwarmu, Delou, yana kuka. Tubansa na gaskiya ne, ni ma na yi hawaye. Wani ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa, ya yi ta yawo har ya iso gare ka.

Delou 'yar Tsibiri ce, ta wajen Maradi. Aikatau ta zo yi, duka ya ishe ta ta gudu. Kafilinta, wato mutumin da ya kawo ta, ya riƙe fasfonta ya kuma ɗora mata sharrin sata, don haka ko tafiya gida ba ta iya yi. Wa'adin da aka ba marasa takarda su gyara zama ko su bar ƙasar kuma farkon wata mai zuwa zai cika. A hoton fuskar Vargis tana ƙasa, tata ce a sarari, ga allon kantin da ke tsallaken titi ya fito ta taga.

Makon jiya Mamane, wanda Musulmi ne amma bai taɓa tona mu ba, ya ce ɗan kafilin yana bin direbobi 'yan Nijar yana nuna musu hoton a waya. Mai gadin gidan da muke taruwa, wanda ya saba yi mana murmushi, yanzu ƙirga mu yake yi da ido. Juma'a biyu ke nan wata farar mota na tsayawa a gaban kantin, mutum biyu a ciki, ba sa sayen komai.

Har wasu sun fara cewa Delou ta ɗan dakata da zuwa, kuma mu baƙaƙe mu nemi wani wuri tunda mun fi jan ido. Hawayen bai kai wata biyu ba ya bushe. Vargis ne ya ƙi. Ya ce a sauya gida amma ba za a raba taro ba. "In an zo ɗaukarta," in ji shi, "a kusa da ita za a same ni." Gidan da za a koma, nawa ne. Delou tana ɗakina tun shekaranjiya, ko labule ba ta ɗagawa.

Kada ka kira ni, kada ka sa mu cikin sanarwa. In za ku yi addu'a ku yi ba suna, Allah ya san mu. Idan ƙarshen Nuwamba ya yi ba ka ji daga gare ni ba, ka shiga mota da kanka ka je Tsibiri, ka nemi wata tsohuwa Gogo a bayan majami'a. Ita ce uwar Delou. Ka gaya mata inda 'yarta take, ka kuma gaya mata wa ya sa hoton.

Ka gai da Inna, amma kada ka karanta mata wannan. Ka gai da Damaris, da Kawu Bulus, da su Tabita.

Yayarka,
Keziya