An Ɓata Lamba Ko An Ba Ta Lamba?

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina.

Ni sai da na kai shekara talatin da takwas na fara riƙe biro, a ajin yaƙi da jahilci nan Ƙofar Ƙaura, kuma ba na jin kunyar faɗi. Malamar da ta koya mani ita ta samo mani aiki inda take, wani ɗan kamfani mai manhajar rajistar mata masu zuwa awo. Ita ke rubuta saƙonnin da ke fitowa in an yi kuskure, ni nake bi ina gyara rubutun.

To akwai saƙon da ke fitowa in ma'aikaciya ta shigar da lambar kati ba daidai ba. "An ɓata lamba" ya kamata ya ce, sai aka rubuta "An bata lamba", babu lanƙwasa. Ma'aikata suna karanta an ba ta lamba, su sallami mace. Satin da ya wuce wata mai ciki wata takwas ta taso tun daga Batagarawa a kan babur, aka duba babu sunanta, ta koma ba a auna ta ba.

Na gyara nan take, amma kwamfuta na ajiye sunan wanda ya rubuta, ni aka ba makullin wurin, kuma oga ya ce ranar Litinin in kawo mashi sunan, wannan karon kora ce.

Na sami Malama gida da zafina, na ce ke da kike sa mu rubuta ɓ sau ɗari a allo? Ta ce in zauna. Ashe idonta ne, yanar ido ta fara rufe shi, ba ta bambance b da ɓ a allon kwamfuta, ta ɓoye ma kowa. Ta ce in ce hannuna ne ya goge lanƙwasar, wai ni sabuwa ce za a yafe mani. Har ta ce in tuna wanda ya kama yatsuna.

Ban manta ba wallahi. Amma tun ran da na shiga ofis ake ce mani 'yar yaƙi da jahilci, jira suke in yi tuntuɓe. In kuma na rufa mata, gobe wane harafi zai faɗi, a kan wace mai ciki?

Jama'a, Litinin jibi ce. Sunan wa zan rubuta, da hannun da ita ta koya ma rubutu?