Mai Leƙowa Daga Ilesha

Ɗiyata Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara? Yau Talata, gwiwar ta ɗan sake ni.

Maƙwabcina Malam Isa ya nuna mini inda ake ganin masu shiga shafin intanet ɗin da kika buɗe mini na tarihin Gwashi. Yawancinsu sau ɗaya suke leƙowa. Amma wani daga Ilesha yana dawowa duk Juma'a. Suna ba ya fitowa, sai gari. Can yayanki Lawal yake haƙar zinariya tun da ya daina kirana. Sai na rubuta a shafin cewa an share ɗakinsa, ya zo Sallah.

Ki taya ni addu'a, ki gaida surukanki. Sallah ta wuce, bai zo ba. Amma ran Juma'a ya leƙo.

Babanki